Gandun Daji da Bakin Kogi: Abin da Muka Tarar da Abin da Za Mu Bari



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata 'yar muhawara ce da ta taso a kwamitin Islamiyyarmu bayan sallar Isha'i, makonni kaɗan da suka wuce. Wani matashin malami ya kawo shawara a kwashi ɗaliban da za su yi sauka a kai su su ga matsirgar Gurara. Kafin ya rufe baki wani dattijonmu ya ce, "Malam, yawon buɗe ido ai aikin Turawa ne da waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Mu da aka haifa a cikin daji, wane daji kuma za a kai mu gani?" Aka yi dariya. Sai wani ya ce shi ba kuɗin mota ya dame shi ba, hanyar ce. Nan dariya ta tsaya, don kowa ya san abin da yake nufi.

Da na koma gida na tambayi autana, ɗan shekara 11, ko ya san gwanki. Ya ce a'a. Na ce ɓauna fa? Ya ce ya taɓa ganinta a waya. Na ce to kirya fa? Ya ce, "Baba, ai gawayi ce." Wannan amsa ita ta hana ni barci, kuma a gaba za ku ji dalili.

Kun san ni. Ɗan kasuwa ne, citta da hatsi su ne sana'ata, sai limanci idan Liman bai samu fitowa ba. Amma kasuwa ta kai ni wurare, na kuma zauna da tsofaffi, na ɗan karanta abin da ya sauƙaƙa. Abin da na tattara ke nan game da tarihin gandayen dajin ƙasarmu da kogunan da suke kwance a kai.

Kafin zuwan Bature

Wannan ƙasa tamu ta bakin Gurara ta daɗe da mutane. Koro da Gwari suna nan tun kafin kakanninmu su sauke kaya. Kafin su ma an yi wasu: a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a Nok, ƙasar Jaba, kuma an gano irinsu a nan Janjala cikin ƙaramar hukumarmu. Masana sun ce shekarunsu sun haura 2,000.

A farkon ƙarni na 19 jihadi ya iso Zazzau. Malam Musa ya shiga birni da tutar Shehu, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wato Suleja ta yau. Kagarko da Jere suna bin Zazzau ta Zariya. Ka ga ke nan ƙasarmu ta zauna tsakanin Zazzau biyu da ba sa ga maciji da juna. Inda ake yaƙi da harin bayi, talaka ba ya kwana a fili. Mutane da yawa suka hau duwatsu, wasu suka shige cikin ganuwa, aka bar kwari da kurmi. Ga kuma tsando mai kashe shanu da dawaki, ga ɗan ƙaramin ƙudan bakin ruwa mai makantar da mutum. Waɗannan su suka tsare bakin kogi tun ba a san wani mai gadin daji ba, namun daji suka samu wurin sakewa.

Kakana, Allah ya jiƙansa, bafatake ne. Yakan ce idan ayari ya taso daga Zazzau zai gangara Keffi, ba abin da madugu ke lissafi kamar tsallaka Gurara. Da damina sai a kwana uku a bakin gaɓa ana jiran ruwa ya janye. Da dare a hura wuta kewaye da jakuna saboda kura, da asuba a ga sawun ɓauna a inda aka ɗebi ruwan alwala.

Kada wani ya ɗauka dajin wancan zamani ba shi da mai shi. Akwai sarkin baka, shugaban maharba, shi ke faɗin lokacin fita farauta, kuma sai bayan an kawar da amfanin gona. Akwai sarkin ruwa, ba a shiga su sai ranar da ya sanar. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kowace da mai ita, wanda ya sare sai ya amsa tambaya a gaban mai gari. Maƙwabtanmu suna da kurmin da ba a kai masa gatari saboda al'adarsu. Mu kuma muna da hurumi, filin da ake keɓewa a gefen gari don kiwo da amfanin kowa, ba a nome shi, ba a sayar da shi.

Shi hurumin nan yana da asali a fiƙihunmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka. Larabawa suna kiran irin wannan wuri hima. Ita kanta Madina an hana sare itatuwanta da farautar namunta. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa rijiya da kogi suna da haraba, wadda ba a yarda wani ya mallake ta ya cuci jama'a ba. A nan ƙasar Hausa, Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen ƙasar da ba a raya ba, mai suna Ta'alimur Radi. Saboda haka ina ba dattijonmu haƙuri: keɓe daji don amfanin al'umma ya riga Bature zuwa nan.

Yadda hurumi ya koma gandu

Abin da Bature ya zo da shi shi ne takarda da awo da ma'aikaci mai albashi. A Amurka aka fara keɓe gandun daji na ƙasa baki ɗaya, Yellowstone, a 1872. A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka yi taro a Landan kan kare namun dajin Afirka, bayan su da kansu sun ga yadda cinikin hauren giwa ke ƙarar da giwaye. A Nijeriya, 1916 ita ce shekarar da aka yi dokar gandun daji da ta kare namun daji. A Arewa aka ɗora aikin a wuyan En'e. Nan aka samu malamin daji da yaransa, aka share iyaka, aka kafa turakun siminti, aka ce daga nan zuwa can ba noma, ba sara, ba farauta sai da takarda.

Ku lura da sunan da Bahaushe ya ba abin. Bai ce hurumi ba, sai ya ce gandu. Gandu kuwa a wurinmu babbar gona ce ta maigida, ko ta sarki, wadda ake yi wa aiki amma ba kai ke da rumbun ba. Tun daga sunan an nuna wa talaka dajin ya tashi daga hannunsa. Tsofaffi sun ba mu labarin yadda ake kama mace da ɗaurin itace a kai ta gaban alƙali, alhali ana ganin ana kwasar gungume a kai tasha. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a 1927, garin ya zama mahaɗa, ga ma'adinan kuza a Jos da kewaye suna cin itace ba dare ba rana. Mai baka da kwari ya zama ɓarawon nama, Bature mai bindiga ya yanki takarda ya harbi abin da ya ga dama. Wannan ɗaci bai bar zukatan mutane ba har yau. Shi ya haifi maganar nan da muke yi, wai kayan gwamnati ba na kowa ba ne.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ba don turakun simintin nan ba, da wuraren da zan lissafa yanzu sun daɗe da zama gonaki.

A 1936 En'e ta keɓe dajin Birnin Gwari. Dajin Kogin Kano, wanda muka fi sani da Falgore, shi ma tun zamanin Turawa aka keɓe shi. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a ƙasar Bauchi, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba 1962, zamanin Sardauna. A 1979 gwamnatin tarayya ta haɗa dajin Borgu da na Zugurma ta kira su Gandun Dajin Tafkin Kainji, shi ne na farko da ya zama mallakar ƙasa baki ɗaya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300. A 1991 dokar soja mai lamba 36 ta ƙaro wasu, ciki har da Yankari da Gashaka Gumti da na yankin Tafkin Chadi. A 1999 dajin Birnin Gwari ya shiga sahu da sunan Kamuku, murabba'in kilomita wajen 1,120, shi ne namu na Jihar Kaduna. A 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da Yankari. A ƙarshen 2020 Shugaba Buhari ya amince a ƙara guda goma, ciki akwai Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da Allawa a Neja, da Marhai a Nasarawa, da Pandam a Filato.

To iri biyu ne ke nan. Akwai na tarayya, da hukumarsu a Abuja da ma'aikata masu kaki. Akwai na jiha, waɗanda aka gada daga En'e, irin su Nimbiya a kan hanyar Jos, da Afaka a gefen Kaduna, da kurmin Kagoro. Na jiha sun fi yawa, sun fi kusa da mu, su ne kuma aka fi mantawa da su.

Wani abu da na lura: kowane ɗayansu a kan ruwa yake. Yankari na kan kogin Gaji. Borgu na kan Oli. Kamuku na jingine da Mariga, wanda ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Falgore na kan Kogin Kano, wanda ke cika madatsar Tiga. Duwatsun Gashaka su ke shayar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Dalili a fili yake. Da rani dabba ba ta nisa da ruwa. Shi kuma ruwa ba ya zama inda ba itace, don saiwa da ganyen da ya zube su ke riƙe ruwan sama ya nutse a ƙasa, ya riƙa tsattsafowa a hankali har bazara. Idan aka aske tudu, ruwa ya sauko gaba ɗaya a wata biyu, ya tafi da ƙasar noma, ya cike rafi da yashi, sauran watanni a koma tonon rijiya a tsakiyar rafi.

Abin da idona ya gani

A 1996 na bi wani ubangidana sarin busasshen kifi zuwa Sabuwar Bussa. Nan na fara jin labarin garin da ke ƙarƙashin ruwa. An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, tafkin da ya taru tsawonsa ya haura kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa, wurin da Bature Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Wani tsohon masunci ya nuna mini tsakiyar ruwa da baki, ya ce, "Ɗana, kabarin mahaifina yana can." Ban san abin da zan ce masa ba, sai na yi wa mamacin addu'a.

Da kaya suka yi jinkiri, muka samu kwana biyu ba aiki, wani ɗan garin ya ce mu zo ya kai mu gandu ta Wawa. Muka yanki takarda a ƙofa, aka haɗa mu da ma'aikaci ɗaya da bindigarsa. Watan Fabrairu ne, an ƙone ciyawa, ido na kaiwa nesa. Muka ga mariya garke guda, muka ga kanki, muka ga gwanki da ƙahonsa ya lanƙwashe baya. A bakin Oli muka tarar da dorina sun fi biyar, kunnuwa da hanci kawai a waje. Ɗaya ta buɗe baki, wallahi sai da na ja da baya duk da tazarar da ke tsakaninmu. Ubangidana, mutumin da ban taɓa jin ya yi maganar da ba ta kuɗi ba, sai ga shi yana ta tasbihi.

Yankari kuwa na je a 2004, daga cin kasuwar Alkaleri. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar hawaye, ɗuminsa digiri 31 rani da damina. Gwaggon biri ya fizge mini ledar burodi a hannu ina tsaye. Da yamma muka ga giwaye sun gangaro Gaji shan ruwa, uwa na tura ɗanta da hanci. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffin rijiyoyi sama da ɗari da aka nuna mana a cikin dajin, da kangayen matoyar ƙarfe. Ashe nan ma gari ne a da. Mutane sun zauna, sun yi ƙira, sun yi ciniki, sun wuce, giwa ta gaje su. Mai hankali ya ga wannan ya san duniya ba wurin zama ba ce.

Kamuku, namu na gida, ban taɓa shiga ba. Na bi hanyar Birnin Gwari ya fi sau ashirin, ina ganin allon, ina cewa wata rana. Ana ba ni labarin matsirgar Dogon Ruwa da Tsaunin Rema. Yau ko kyauta aka ce in je sai na yi shawara da iyalina. Wannan nadama tana cikin abin da ya sa nake wannan rubutu.

Waɗanda suka fi kusa da mu ba su da giwa, amma suna da abin kallo. Matsirgar da ke kusa da Kafanchan tana samun ruwanta daga duwatsun Kagoro. Matsirgar Gurara tana Jihar Neja a kan hanyar Suleja zuwa Minna, ruwa na faɗowa daga tsayin mita wajen 30. Ruwanmu ne fa, wanda ya ratsa ƙasarmu, yana kan hanyarsa ta zuwa Kwara, inda zai shiga kafin Lokoja. Wani kason kuma an tare shi a madatsar Gurara, ana tura shi ta bututu mai tsawon kilomita wajen 75 zuwa madatsar Usuma. Mutumin Abuja da ke buɗe famfo, da ruwan dajinmu yake wanka.

Yadda daji ya suɓuce

Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Birni ya yi ta kumbura, kowane gida na son abin girki, kananzir ya yi tsada, sai aka juyo kan gawayi. Mu ne a bakin ƙofa. Zarto mai inji ya shigo, itacen da a da sai mutum biyu sun yini a kansa, yanzu kafin ka sha shayi ya kwanta. Aka fara da kirya don gawayinta ya fi nauyi da daɗewa, aka bi da marke, aka koma kan kaɗanya, ita da mata ke samun man kaɗe da kuɗin cefane a jikinta. Maɗaci da kawo da maje suka tafi a katako. Wajen 2014 aka shiga haukan madobiya, ana loda gungumenta zuwa Legas a tura Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017.

A nan zan faɗi abin da ya hana ni barci. Ni ma na yi wannan ciniki. Shekara huɗu ina loda gawayi zuwa Abuja, mota biyu a mako idan kasuwa ta yi kyau. Da kuɗin na yi rufin gidana, da shi na aurar da 'yata ta fari. Ban taɓa riƙe gatari ba, sai na ɗauka hannuna a wanke yake. Wata rana na bi masu ƙonawa don in ga kayan da na biya kuɗinsu, sai na tarar a bakin rafin da muka koyi iyo muna yara suke aiki. Kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa a cikinsa ya zama fili, kututture ko'ina, hayaƙi na tashi daga tudun ƙasa. Rafin da ba ya ƙafewa, ran nan a watan Maris na tsallake shi da takalmi a ƙafata. Daga wannan lodi ban ƙara ba. Ban faɗi haka don a yaba mini ba, ai ɓarnar ta riga ta auku. Na faɗa ne don kada wani ya ce Malam yana wa'azi a kan abin da bai san daɗin kuɗinsa ba. Na sani sarai. Na kuma san yaron da ke ƙona gawayi ba mugunta ta kai shi ba, babu ce. Amma mu masu jari, mu muke sa farashi a kan itace.

Mu manoman citta da masu sayenta ya kamata mu fi kowa damuwa. Citta ba ta yi sai an rufe ta da ganye da ciyawa bayan shuka, kuma daga daji ake yankowa. Ku tambayi duk manomi nisan da yake zuwa neman abin rufi yanzu, da nisan da ubansa ke zuwa.

Bayan itace sai tsaro. Daji ba ya zama ba kowa. Da ma'aikatan gandu suka yi ƙaranci, ba mota, ba kayan aiki, maharba suka tsufa ba magada, masu ziyara suka ɗauke ƙafa, sai wasu suka shiga. Ɓarayin shanu suka fara, kuma Fulani makiyaya su suka fara ɗanɗana kuɗarsu kafin kowa, wannan a riƙa faɗinsa don adalci. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da Kamuku suka haɗa kai aka tura sojoji cikin dajin. A watan Fabrairu 2017 aka sace Turawan Jamus biyu masu binciken kayan tarihin Nok a nan Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan garin da suka bi sawu don su cece su. Allah ya jiƙansu, sun mutu suna kare baƙonsu. A watan Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin Afaka, makarantar da ake koyar da aikin gandun daji ita kanta. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a yankin Katari. Sauran ba sai na lissafa ba, akwai gidaje a unguwar nan da suka sayar da gona suka biya fansa.

Har an kai wasu na cewa a aske dazuzzukan gaba ɗaya a huta. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka. Amma wanda ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba ya rushe ɗakin, ƙofa yake gyarawa. Idan an aske Kamuku ɗan bindiga zai koma wani wuri da babur ɗinsa, Mariga kuwa ba ta da inda za ta koma.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, game da tafiyar yara. Ina goyon bayanta, da sharaɗi. Rai ya fi kallo. A tambayi direbobinmu da ke bin hanyar kullum, a tambayi jami'an tsaro, a sanar da mai unguwa, kowane uba ya ba da izini da bakinsa. A fita bayan gari ya waye, a dawo kafin La'asar ta yi sanyi. A je da rani, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ja baya. Da damina matsirgar ta fi kyan gani amma ta fi haɗari, duwatsun suna da santsi, kuma ko da rani kada a bar yaro ya shiga ruwa. Idan masu sanin hanya suka ce a dakata, a dakata, ba gardama.

Na biyu, ko an je ko ba a je ba, akwai ziyarar da ba ta bukatar mota. A ɗauki yaran nan a bi da su bakin rafinmu, a tafi da tsoho ɗaya ko biyu daga cikin maharban da suka rage. A nuna musu wannan ɗinya ce, wannan doka ce, wannan tukurwa ce da ake yin gwangwala da ita, a nan ake ganin gada, a can mazo ke shan ruwa. A sa su rubuta, da boko ko da ajami. Tsofaffin nan ba za su dawwama ba, ranar da aka binne su an binne sunayen.

Na uku, mu dawo da hurumi. Ba sai mun jira Kaduna ko Abuja ba. Mai unguwa da limamai da masu gonakin bakin rafi su zauna a yanke taku nawa za a bari daga gaɓa ba sara ba noma, a dasa maɗaci da ɗorawa da mangwaro, a ba ɗaliban Islamiyya ban ruwa da rani. Kuma wannan ba aikin Hausawa kaɗai ba ne. Rafin ta gonakin Koro da Gwari ya biyo kafin ya iso mu, garken Fulani na sha a cikinsa. A je a same su da girmamawa, a zauna da sarakunansu da shugabannin cocinsu da arɗoɗinsu. Mu faɗi gaskiya, a wurare da dama kurmin da ya rage a tsaye nasu ne, sun fi mu riƙo. A ƙasar da aka sha zubar da jini a kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, samun abu ɗaya da kowa zai tsare tare ba ƙaramar riba ba ce.

Na huɗu, 'yan'uwana 'yan kasuwa. Ban ce kowa ya bar gawayi gobe ba, na san akwai bakunan da ke jiran abinci. Amma a ƙalla mu yi wa kanmu iyaka: ba ma sayen na kaɗanya da ɗorawa, ba ma sayen wanda aka ƙona a bakin ruwa. Mai saye ya san kayansa, kada mu yaudari kanmu. Ni na ɗauki alkawarin dashe 50 a daminar bana daga aljihuna, a rubuta a tambaye ni.

Dattijon da ya yi maganar Turawa ya riga ni ganin duniya, ya ga ɓauna da idonsa a ƙasar nan, ni sai da na je Borgu na ga manyan namun daji. Shi ya sa yake ganin ba abin da za a nuna wa yaro. Baba, abin da kuka gani kyauta, jikokinku ko da kuɗi ba sa samu. Ina roƙon ranar da za a fita da yaran, kai za ka shige gaba, ka nuna musu inda kuka yi farauta.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya yafe mana abin da muka ɓata da saninmu da wanda ba mu sani ba. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta ya same ni a shago ya gyara mini. Wassalamu alaikum.